Masu Karatun Ƙwari Da Abin Da Suke Binmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka yi haƙuri ka ba ni fili, ko da wasiƙar tawa za ta fi wadda aka saba gani tsawo, domin in yi magana a kan wasu bayin Allah da muke cin moriyar aikinsu kullum ba tare da mun san ko sunayensu ba, wato masana ilmin ƙwari, waɗanda suke ƙarar da rayuwarsu wajen nazarin sauro da fara da ƙudan tsando da tsutsar gona.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da aka yi a gabana ranar wani suna a gidanmu, lokacin da na shiga cikin gida gaida mata. 'Yar ƙanena, wadda ta gama digirinta na farko a fannin kimiyyar dabbobi, ta shaida wa dangi cewa tana son ta koma jami'a ta ƙware a kan ƙwari. Sai goggonta ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu ke duk kuɗin da ubanki ya kashe, ki rasa abin da za ki karanta sai sauro da kiyashi? Ai da haɗa fiya-fiya kika koya, da tuni kin fara ciniki." Aka yi dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai, ni kuma na ja bakina na yi shiru, domin ba ya kyautuwa in yi musu da yayata a gaban 'ya'ya da surukai. Amma shirun ya yi ta damuna, musamman da yake na yi shekara 30 da 'yan kai ina aikin malamin gona kafin in yi ritaya, kuma na san cewa da yawa daga cikin shawarwarin da na riƙa kai wa manoma a kan babur daga hannun irin waɗannan mutane suka fito.

Ina ɗan makarantar sakandare a daminar 1975 lokacin da gyaɗar mahaifinmu ta lalace. Har yanzu ina ganin gonar a idona, yadda ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya ƙanƙance ya cure wuri ɗaya, kuma da aka zo cira sai ka tumɓuke gindi ka tarar babu ko ƙwaya biyar na kirki. Kowa a garin da abin da yake faɗa, wasu su ce iri ne ya tsufa, wasu su ce zunubin mutane ne ya yi yawa. Sai da na shiga makarantar koyon aikin gona na gane cewa wani ɗan ƙwaro ne dangin darɓa, wanda bai wuce ƙwayar gero girma ba, yake tsotsar ruwan ganyen da ya kamu da cutar ya kai wa mai lafiya. An ƙiyasta cewa a wannan shekara kaɗai cutar ta lalata gyaɗar kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ta Kano ba, domin fari ya riga ya yi tasa ɓarnar, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, amma daga wannan shekara gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

A cikin masanan da suka yi aiki a ƙasarmu, wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne wani Baturen Ingila mai suna T. A. M. Nash. Ya zo Nijeriya a 1933 bayan ya yi wasu shekaru yana bin ƙudan tsando a Tanganyika, cikin Tanzaniya ta yanzu, aka ajiye shi a Gadau ta ƙasar Katagum, cikin Jihar Bauchi ta yanzu. A wancan zamani ciwon barci yana kashe mutane a lardin Zazzau da kewayensa, sammore kuma yana hana shanu zama a dazuzzuka masu kyawun ciyawa. An riga an sani tun zamanin wani likitan Birtaniya mai suna David Bruce, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, cewa tsando ne ke yaɗa cututtukan biyu, amma sanin ɓarawo daban, sanin inda yake kwana daban. Tsando ba ya yin ƙwai kamar sauran ƙudaje. Macen tana riƙe tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, sai bayan kwana 9 ko 10 ta sauke ta a ƙasa mai laushi a ƙarƙashin inuwa, tsutsar ta nutse ta yi kusan wata guda a cikin ƙwansonta kafin ta fito da fukafukai. Saboda haka dole mai nazarinsa ya durƙusa a bakin rafi yana tankaɗe yashi yana neman waɗannan 'yan ƙwansuna, yana auna zafin wurin da laimarsa, yana rubutawa a littafi, a bazara da damina da hunturu, shekara bayan shekara.

Abin da wannan durƙuso ya haifar shi ne gane cewa irin tsandon da ke zama a bakin rafi ba ya jure zafi da bushewar rani na ƙasar Hausa, sai ya tattaru a 'yan wuraren da kurmi ya yi duhu kuma ruwa bai ƙafe ba, waɗanda kuwa su ne mashayar mutane da wurin wankin mata. Idan aka sassabe sarƙaƙiyar bakin rafin har rana da iska suka shiga, ƙudan zai rasa mafaka ya mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. A kan wannan sani aka gina shirin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, inda aka share rafuffukan wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mil 70, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka haɗa su domin a sami isassun hannuwan da za su hana kurmin dawowa, aka kuma kafa sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka raɗa masa suna Takalafiya, wanda yana nan har gobe a Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Ni ba na cikin masu wanke mulkin mallaka. An yi aikin sassaben da tilas, an raba wasu da kufan iyayensu ba da son ransu ba, kuma Bature bai yaƙi ciwon barci don Allah kaɗai ba, yana bukatar masu biyan haraji da masu noma masa auduga da gyaɗa. Duk da haka ilmin da aka samo a bakin rafin Gadau ilmi ne na gaskiya, kuma ya tsirar da rayuka. Nash ya yi shekara 26 a Nijeriya, har ya shugabanci cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna, kuma da ya koma gida bai yi sallama da ƙudan ba, sai ya buɗe ɗakin kiwonsa kusa da birnin Bristol, yana ciyar da shi da jinin awaki da na kunnuwan zomaye, domin masu bincike su riƙa samun tsando ba sai sun shiga daji ba. Wato mutum ɗaya ya ba ƙuda ɗaya fiye da shekara 40 na rayuwarsa.

Sai dai akwai waɗanda ba a rubuta sunansu a bangon littafi ba, kuma saboda su ne ma na fi son a buga wannan wasiƙa. Kowane Bature mai nazarin tsando yana da samarin gari da ake kira yaran ƙuda, waɗanda ke bin wata tsayayyar hanya a cikin kurmi da 'yar raga a hannu, suna tsayawa a wuraren da aka yi wa alama, suna kama duk ƙudan da ya biyo su don ya cije su, suna ware maza da mata, suna faɗa wa mai rubutu adadi. Jikinsu ne tarkon, a wurin da cizo ɗaya zai iya zama sanadin ajali. Da yawansu ba su yi boko ba, amma sun iya bambanta nau'in tsando da kallo ɗaya, kuma dukkan alƙaluman da aka gina shirin Anchau a kansu ta hannunsu suka biyo. A ganina su ne masana ƙwari na farko da ƙasar nan ta haifa a wannan zamani, ko da kuwa ba wanda ya ba su takarda.

Irin wannan aiki aka sake yi a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani bincike a kan zazzaɓin cizon sauro wanda har yau masana suke komawa ga alƙalumansa. Akan shimfiɗa fararen zannuwa a ɗaki da sassafe, a fesa magani, a tsince saurayen da suka faɗo a ƙirga. Wasu ma'aikatan kuma sukan zauna cikin dare sun naɗe wando zuwa gwiwa, da tocila da ɗan bututu a hannu, suna jiran sauro ya sauka a ƙwaurinsu su zuƙe shi cikin bututun. An fesa magani a bangayen ɗakuna, an raba wa jama'a ƙwayoyin zazzaɓi, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Masanan ba su ɓoye wannan sakamako ba, sun rubuta shi yadda yake, kuma wani mutumin Italiya mai suna Mario Coluzzi, wanda ya ƙware wajen duba zaren gado na macen sauro a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya taimaka wajen gano ɗaya daga cikin dalilan. Saurayen da ido ke gani iri ɗaya sun bambanta a ɗabi'a, domin wasu sukan ciji mutum su kwanta a bangon ɗaki inda magani ke jiransu, wasu kuwa su ciza su fice waje su huta, don haka feshin bango ba ya samunsu. Coluzzi ya rasu a 2012, kuma a shekarar da ta biyo baya aka sa wa wani nau'in sauron zazzaɓi na Afirka ta Yamma sunansa. Irin karramawar da ake yi a wannan sana'a ke nan, a raɗa wa sauro sunan mutum, kuma na tabbata yayata za ta ƙara dariya idan ta ji.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da nasu shaidar. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da makantar da wani ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi ke haddasawa. Tushen wannan nasara yana komawa ga aikin wani Bafaranshe, René Le Berre, wanda ya yi shekaru a Bobo Julaso, cikin Burkina Faso ta yanzu, yana bin kogi yana nazarin tsutsar ƙudan, wadda ba ta rayuwa sai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Da yake tsutsar ba ta daɗewa kafin ta zama ƙuda, dole a zuba magani a kogunan kowane mako, kuma da yake tsutsar cutar da ke jikin mutum tana iya yin shekara 14 da rai, dole a yi ta yin haka kusan shekara 20 ba fashi. An fara shirin a 1974 da jirage masu saukar ungulu, aka rufe shi a 2002, ita kuwa takardar shaida sai bayan shekara 50 da farawa ta iso, lokacin da Le Berre ya daɗe a ƙasa.

Muna yara an sha gaya mana cewa zanzaro ba ya haihuwa, sai dai ya ɗauko tsutsa ya rufe a ɗakinsa na laka, ya yi ta yi mata waƙa har ta rikiɗa ta zama ɗansa. Wanda ya fi kowa bayyana wa duniya gaskiyar wannan al'amari shi ne Jean-Henri Fabre, wani malamin makaranta a kudancin Faransa da ya yi yawancin rayuwarsa cikin ƙarancin abin hannu, bai sami ɗan filin kansa da zai zauna ya kalli ƙwari ba sai a 1879, yana da shekara 55. Ya kwanta rub da ciki a rana har maƙwabta suna zaton ya taɓu, ya ga yadda dangin zanzaro ke harbin abin da suka kamo su shanye masa jiki ba tare da sun kashe shi ba, sannan su yi ƙwai a kansa domin ɗan da zai ƙyanƙyashe ya sami nama ɗanye. A lokacin wannan kallo bai yi kama da abin da zai sa wa kowa tuwo a baki ba.

Bayan shekara 100 sai ga amfanin irin wannan sani a gonar rogo. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, ya bayyana a yankin Kongo, ya riƙa yaɗuwa yana shanye rogo, abincin miliyoyin mutane. Wani matashi ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a 1979, ya tsaya a kan cewa feshi ba zai yiwu a gonakin talakawan nahiya guda ba, dole a koma ƙasar da ƙwaron ya fito a nemo abin da ke cinsa a can. Wani masanin ƙwari da suka haɗa hannu da shi, Anthony Bellotti, ya gano ƙwaron a Paraguwai a 1981, tare da shi kuma aka sami wani mitsitsin ɗan'uwan zanzaro da ke yin ƙwai a cikin jikinsa. Aka fara tsare shi a Ingila aka tabbatar ba zai zama wata sabuwar annoba ba, sannan aka kawo shi Nijeriya aka hayayyafa shi, aka riƙa sakinsa har daga jirgin sama, ya bazu a ƙasashe fiye da 20 ya karya lagon ƙwaron. An ba Herren babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995, amma mai sayen gari a kasuwa bai san akwai wani ƙwaro da ke yi masa gadin rogo kyauta har yau ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yanzu namu ne ke yin irin wannan aiki. A Maraɗi, Farfesa Ibrahim Baoua da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Nijar da na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, ciki har da Malick Ba da ya yi aiki a can, sun daɗe suna yaƙi da tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana yi mata zane kamar an naɗa zare, wadda duk manomin Damagaram ko Daura ya san ɓarnarta. Dabararsu ba ta wuce ɗan buhun algarara kamar tafin hannu ba. Akan zuba ɗan gero a ciki, a sa wasu tsutsotsi da aka kiwata, a sa mata biyu na wani ɗan ƙaramin zanzaro, a ɗaure a rataye a jikin rumbu ko itace lokacin da gero ya fara fitar da kai. Bayan 'yan kwanaki sai 'ya'yan su riƙa fitowa ta kofofin buhun suna bazuwa cikin gonaki suna farautar tsutsar. Haka kuma shi Baoua yana cikin waɗanda suka gwada buhun PICS na ajiyar wake a tsakanin manoma, buhun da asalinsa ya fito daga binciken Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masanan Kamaru a Marwa. Leda biyu ce a cikin buhu, kowace a ɗaure ta dabam, ƙwarin da ke cikin waken su shaƙe iskar da ta rage su daina ci su mutu. Duk wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ko ya taɓa jin labarin gidan da aka kwashe zuwa asibiti bayan cin wake, ya san darajar wannan buhu.

Wanda ya fara tsayawa a kan cewa 'yan Afirka su riƙe wannan ilmi da hannunsu shi ne Thomas Odhiambo na Kenya, wanda aka haifa a Mombasa a 1931, ya yi karatu a jami'o'in Makerere da Cambridge. A 1970 ya kafa cibiyar nazarin ƙwari ta icipe a Nairobi, a lokacin da mutane da yawa ke ganin cewa bincike mai zurfi sai a Turai, mu namu shi ne mu kama ƙwari mu aika. Ya shugabance ta har 1994, kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne shirin da ya buɗe na horar da matasan Afirka har zuwa digirin digirgir, domin ya gane cewa gini da na'ura ba sa gane ƙwaro, sai mutum. Ya rasu a 2003.

A nan ne damuwata take, ya Edita. Sana'ar ba ta da ƙyalƙyali, kuma ba zan yaudari 'yata in ce mata akwai kuɗi a ciki ba. Mai ita yakan yi damina a ƙauye, ya yi rani a gaban madubi yana ƙirga gashin ƙafar ƙwaro, ya kwana yana rubuta takardar neman tallafin da sau da yawa daga waje yake zuwa, kuma ranar da tallafin ya ƙare ƙwarin da ya shekara yana kiwo sukan mutu cikin mako guda saboda an ɗauke wuta. Ina cikin aiki na taɓa kai wani ƙwaro da ya addabi manoman yankina wata cibiya domin a gane mini shi. Wani dattijon ma'aikaci ya jawo akwatunan katako masu murfin gilashi, cike da ƙwari a soke da allura, kowane da 'yar takardarsa mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata, wasu tun kafin a haife ni, bai yi minti 10 ba ya nuna mini ɗan'uwan nawa ya faɗi sunansa da abin da ke kashe shi. Bayan wasu shekaru na koma na tarar dattijon ya yi ritaya ba a ɗauki kowa a madadinsa ba, kuma wasu ƙananan ƙwari sun shiga akwatunan suna cinye na cikin, saboda an rasa kuɗin sayen kafur. Na tsaya ina kallon garin da ya zuba a ƙasan allurai, ina tunanin ƙafafun da suka yi yawo kafin a tara su.

Sannan sai 2016 ta zo mana da ɓarnar baƙi biyu. Tsutsar tumatir da manoman Kadawa ke kira sharon ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma a wannan shekara aka fara ganin wata sabuwar tsutsa a cikin kunnen masara. Manoma suka yi ta zuba duk maganin da mai shago ya miƙo musu, wasu har da omo da toka, domin ba wanda zai iya ba da shawarar kirki kafin a san ko wane ne baƙon. Wani masani a reshen IITA na Kwatano, Georg Goergen, wanda ya yi shekaru yana tara ƙwarin Afirka ta Yamma yana adanawa, shi da abokan aikinsa ne suka tabbatar cewa tsutsar masarar daga nahiyar Amurka ta ƙetaro. A irin wannan rana kowane gwamna yana neman masani, kowane gidan rediyo yana neman wanda zai yi bayani, alhali kafin yaro ya tashi daga ajin farko na jami'a ya zama wanda za a dogara da maganarsa a wannan fanni sai ya yi shekara 10 ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma abin yana ba ni mamaki a ce al'ummar da ke karanta Suratun Nahli da Suratun Namli, wadda aka gaya mata a cikin Baƙara cewa Allah ba Ya jin kunyar buga misali da sauro, ita ce ke jin kunyar a ce 'yarta tana nazarinsa.

Roƙona gare ka shi ne ka tura wakilanka Takalafiya da Gadau da Garki su nemi dattawan da suka yi aikin kama ƙuda da sauro, ko 'ya'yansu, su ɗauki labarinsu tun da sauran masu tunawa, domin waɗanda suka yi aiki a Garki suna samari yanzu sun haura shekara 70. Ina kuma roƙon a riƙa ware fili a shafin noma ko na lafiya ana hira da masana ƙwari na jami'o'inmu da cibiyoyinmu, na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Yamai, maza da mata, su faɗi da Hausa yadda suka fara, da abin da suke kiwo a ɗakunan bincikensu, da nawa ake biyansu, domin yaran da ke sha'awar abin su san hanyar da kuma ƙayar da ke kanta.

Ita dai 'yar ƙanen nawa ta riga ta cike takardar neman gurbin. Da ta zo gaishe ni a makon jiya na ɗauko mata ɗan madubin hannu da na yi aiki da shi tun ina sabon ma'aikaci, wanda igiyarsa ta yi baƙi don gumi. Kafin ta tafi sai da ta sa aka buɗe mata buhun waken da ke zaure, ta ɗebo tafi guda, ta nuna mini fararen ƙwai a manne a jikin ƙwayoyin da ni na ɗauka lafiyarsu ƙalau, ta ce, "Baba, wannan in ba a sauya masa buhu ba, ba zai kai azumi ba." Na aika an sayo buhun washegari.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga Kano.